Tambaya da Amsa: Wane Lauya Zan Ɗauka a Shari'ar Riƙon 'Ya'yana?

Wasiƙu uku da muka zaɓo a wannan fitowar duk a kan riƙon yara suke bayan aure ya mutu ko yana gab da mutuwa. Mun cire sunaye da unguwannin masu tambayar, kamar yadda muka saba yi a duk maganar da ta shafi sirrin gida.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Barista. Ni mace ce a Kano, mijina ya yi mini saki ɗaya, kuma iddata ba ta cika ba tukuna. Muna da yara uku: namiji mai shekara 9, mace mai shekara 6, da na goye wanda nake shayarwa. Da na koma gidanmu sai yayar mijina ta zo ta tafi da manyan biyu, ta ce ɗa na uba ne, na goyen ma idan na yaye shi sai in mayar musu. Yanzu sun aiko da wata takarda wai in sa hannu cewa na bar musu yaran, su kuma su bar ni in kwashe kayan ɗakina lafiya. Ɗinki nake yi, ba ni da ƙarfi. Da na je kotu don in yi tambaya, wani mutum a bakin ƙofa ya ce in kawo kuɗi ya haɗa ni da lauyan da alƙali yake jin maganarsa. Shin dole ne sai na ɗauki lauya? Idan dole ne, a ina zan same shi, kuma ta yaya zan gane na kirki?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kafin maganar lauya, akwai abu biyu da nake roƙon kada ki yi. Kada ki sa hannu a wannan takarda, kuma kada ki ba mutumin bakin kotun ko sisi. Kayan ɗakinki naki ne, babu wanda yake da ikon riƙe su har sai kin fanshe su da 'ya'yanki. Takardar kuwa haɗarinta ya fi yadda kike zato, domin a mazhabar Imam Malik, wadda da ita kotunanmu na Musulunci suke hukunci, mace idan ta sarayar da haƙƙinta na riƙon yara da son ranta, ba don rashin lafiya ko wani uzuri makamancinsa ba, magana mafi shahara ita ce haƙƙin ba ya dawo mata don kawai ta sake tunani daga baya. Shi kuma mai cewa yana da lauyan da alƙali yake jin maganarsa, ko dai ɗan kamasho ne wanda zai ci rabonsa daga kuɗinki, ko kuma yana gayyatarki zuwa ba da cin hanci, wanda laifi ne a kan mai bayarwa da mai karɓa.

Abin da yayar mijinki ta faɗa al'ada ce, kuma al'ada ce da ta yi ƙarfi a ƙasar Hausa har mutane da yawa suna ɗaukarta addini. Shari'a ba haka ta ce ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Shaihu Khalil, littattafan da alƙalanmu suke buɗewa a irin wannan ƙara, riƙon yaro bayan saki na uwa ne: namiji har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare a gidan mijinta. Yaye ba ya yanke wannan haƙƙi, cika shekara bakwai ma ba ya yanke shi. Asalin hukuncin hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ne, inda wata mata ta kai ƙarar mijin da ya sake ta yana neman ƙwace ɗanta, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mata ita ce ta fi cancanta da shi muddin ba ta yi aure ba. Ci da sha da sutura da wurin kwanan yaran kuwa suna kan ubansu gwargwadon ƙarfinsa, ko da suna hannunki. Tun da kuma saki ɗaya ne kuma kina cikin idda, ke kanki ciyar da ke yana kansa har iddar ta cika. Mata da yawa suna barin wannan ya wuce don ba su sani ba.

To, dole ne sai da lauya? A'a. Tun da auren Musulunci aka ɗaura muku, kotun shari'ar Musulunci ce take da hurumin ƙararki, kuma an tsara ta yadda talaka zai iya shiga da kansa: ki je wurin magatakarda ki faɗi ƙararki da Hausa, ki biya kuɗin shigar da ƙara a ba ki rasit, a kai wa mijinki sammaci. Idan maganar a sarari take, ba a tuhumar ki da komai, mata da yawa suna tsayawa da kansu tare da waliyyinsu su sami hukunci. Amma a yadda kika bayyana halinki, ina ganin ki nemi lauya, ko da na shawara ne kawai. Dalilina shi ne yaran biyu sun riga sun bar hannunki, kuma mutanen da suka kai ga rubuta takarda ba za su zo kotu hannu rabbana ba. Mai neman karɓe yara daga uwa ba shi da hanya sai ya nuna ta rasa ɗaya daga cikin sharuɗɗan riƙo, wato hankali, da amana, da ikon kula da yaro, da amintaccen wurin zama, da kuɓuta daga cuta mai yaɗuwa. A nan ne ake kawo shaidu a faɗi maganganu masu zafi, kuma a nan ne mace marar lauya takan fusata ko ta fashe da kuka, ta kasa yi wa shaida tambayar da za ta warware ƙaryarsa.

Game da inda za ki same shi ba tare da kuɗi mai yawa ba, ki fara da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, wadda take da reshe a Kano da sauran jihohi, kuma babban aikinta shi ne tsaya wa mata da yara marasa ƙarfi kyauta. Akwai kuma hukumar agajin shari'a ta gwamnatin tarayya, wadda za ki ga an rubuta Legal Aid Council a allon ofishinta. An kafa ta a 1976, dokar da take aiki da ita yanzu ta 2011 ce, kuma tana karɓar wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba. Gaskiyar magana, lauyoyinta kaɗan ne kuma shari'o'in masu laifi da ke tsare sun cinye yawancin lokacinsu, saboda haka mai yiwuwa shawara da sasanci za ki samu a can, ko su tura ki wani wuri. Ƙungiyar WRAPA, wadda aka kafa a 1999, ta daɗe tana aiki a kan haƙƙin mata a aure da saki a jihohin Arewa. Tsangayar koyon aikin lauya ta Jami'ar Bayero ma tana da ofishin ba da shawara kyauta, inda ɗalibai suke aiki ƙarƙashin kulawar malamansu. Idan duk waɗannan ba su yiwu ba, ki je sakatariyar ƙungiyar lauyoyi ta NBA reshen Kano, ki ce kina neman lauyan da yake yin shari'ar iyali a kotun Musulunci, ki kuma tambaya ko akwai masu karɓar aikin taimako.

Tabbatar da cewa mutum lauya ne ba shi da wuya. Duk lauyan gaskiya a Najeriya sunansa yana cikin kundin da ke Kotun Ƙoli a Abuja, yana da lambar rajista, kuma duk takardar shari'a da ya rubuta sai ya manna mata hatimin NBA mai ɗauke da sunansa da lambarsa. Ki je ofishinsa ki gani da idonki, kada ki yarda a riƙa haɗuwa a gindin bishiya ko a cikin mota. Wanda ya ɓata rai don kin nemi lambarsa, ki bar shi.

Abin da ya fi wannan wuya, kuma wanda na fi so ki riƙe, shi ne ba kowane lauyan gaskiya ne ya dace da ƙararki ba. Mutum yana iya zama gwani a shari'ar filaye ko ta zaɓe, yana da suna da manyan motoci, amma bai taɓa buɗe babin riƙon yara a littafin fiƙihu ba, kuma alƙalin kotun Musulunci da nassin littafi yake aiki. Jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da Maiduguri duk suna yaye lauyoyin da suka haɗa karatun dokar ƙasa da na shari'ar Musulunci, saboda haka irinsu ba su yi ƙaranci a Kano ba. Ga gwajin da ke da kanki za ki iya yi masa a zaman farko. Ki tambaye shi: idan na yi wani aure, ina yaran za su koma? Idan ya ce kai tsaye wurin ubansu, bai san babin ba. Idan ya ce babu mai taɓa miki su har abada, yana faɗa miki abin da kike son ji ne don ya karɓi kuɗinki. Amsar wanda ya sani ita ce: idan kika auri wanda ba muharramin yaran ba kuma kika tare, haƙƙinki ya faɗi, sai ya koma ga mahaifiyarki, bayanta kuma ga 'yar'uwarki, kafin a zo kan dangin uba, da sharaɗin wadda za ta karɓa ta cika sharuɗɗan riƙo, kuma mahaifiyar taki ba a gida ɗaya take zaune da ke ba. Ki kuma tambaye shi ko shi da kansa zai riƙa zuwa kotu ko yaronsa zai turo, da yadda zai riƙa sanar da ke abin da ya faru duk ranar da aka ɗage zama. Mace ko namiji ba shi ne ma'auni ba, sai dai idan akwai abin da kunya za ta hana ki faɗa wa namiji, to ki nemi mace, domin lauyan da aka ɓoye wa rabin magana a gaban alƙali zai ji ragowar daga bakin abokin shari'a. Doka ta hana lauya fitar da sirrin da kika faɗa masa, kuma ba ya halatta ya tsaya miki ya kuma tsaya wa mijinki a ƙara ɗaya.

Maganar kuɗi a gama ta tun ranar farko, kuma a rubuce. Ki san nawa ne kuɗin aikin gaba ɗaya, ko ya haɗa da kuɗin motar zuwa kotu ko ana biyansa dabam a kowane zama, ko ya haɗa da ɗaukaka ƙara, kuma ko za a karɓa kashi-kashi. Kuɗin zama-zama shi ne yake karya mata masu ƙaramin ƙarfi, domin shari'ar da aka ɗage sau goma an biya sau goma ke nan. Duk abin da kika bayar ki karɓi rasit.

Idan za ki je, ki tafi da takardar saki, da takardun haihuwar yaran, da katin asibiti da na rigakafi, da rasit ɗin makaranta idan ke kike biya, da waccan takardar da aka aiko miki, da duk saƙon waya da ya shafi ɗauke yaran. Ki kuma tuna mutanen da suke nan ranar da aka tafi da su. Kada a tsaya a roƙon "a dawo mini da 'ya'yana" kawai. Lauya mai lura zai nemi hukuncin ya faɗi adadin kuɗin ciyarwa a wata da ranar biya da hanyar biya, da wanda zai ɗauki kuɗin makaranta da na magani, da ranakun da yaran za su je wurin ubansu, har da hutun makaranta da na salla. Hukuncin da ya ce uba ya ci gaba da kula da 'ya'yansa, ba tare da adadi ba, ba ya saya wa yaro ko kwanon masara, kuma shi ne yake mayar da mutane kotu bayan wata uku.

Ban ce ki rufe ƙofar sulhu ba. Iyaye da malaman unguwa da Hukumar Hisba suna sasanta irin wannan rigima kullum, kuma sau da yawa ya fi sauƙi ga yaran, waɗanda za su ci gaba da shiga gidajen biyu har girmansu. Ni a wurina lauyan da ya fara da tambayar ko akwai hanyar sasanci ya fi wanda ya fara da alƙawarin zai wulaƙanta miki tsohon miji. Sai dai Hisba ba kotu ba ce, ofishin 'yan sanda ma ba kotu ba ne, saboda haka duk abin da aka daidaita a kai shi gaban alƙali ya shigar da shi a matsayin hukunci, don a iya tilasta shi idan wani ya saɓa. Idan kuma hukunci bai yi miki daɗi ba, ki nemi kwafin shari'a nan take, domin wa'adin ɗaukaka ƙara gajere ne, galibi kwana 30. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha hurumin sauraron irin wannan magana, kuma a can lauya ya zama kusan wajibi, domin abin da ake dubawa kurakuran alƙalin farko ne, kamar yanke hukunci ba tare da ya yi wa masu shari'a i'izari ba, wato bai tambaye su ko akwai sauran hujja kafin ya rufe magana ba.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ni magidanci ne a Zariya. Na rabu da matata bara, yaranmu biyu suna wurinta a gidan iyayenta, yanzu kuma na ji an sa mata ranar aure. Ba na son 'ya'yana su zama agola a gidan wani. Lauyan da wani abokina ya kai ni wurinsa ya ce in daina aika kuɗin abinci don ta gaji ta kawo su, kuma mu ce a kotu ba ta da kamun kai. Zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Ga shi kuma wurin aikina suna shirin mayar da ni Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Zuciyarka ta gaya maka gaskiya, ka canza lauya. Ciyar da 'ya'yanka wajibi ne a kanka ko a hannun wa suke, kuma ranar da aka shiga kotu, watannin da ka riƙe hannunka su ne hujja ta farko da za a kafa a kanka. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, kamar yadda ta hana a cutar da uba ta hanyar ɗansa. Shawararsa ta biyu ta fi muni. Wanda ya yi zargi shi ne zai kawo shaidu, kuma idan zargin ya kai ga jifan mace da alfasha ba tare da shaidu huɗu ba, ya zama ƙazafi, wanda haddinsa bulala 80 ne a Alƙur'ani da kuma dokokin laifuka na jihohin da suke aiki da shari'a. Lauyan ba shi zai sha bulalar ba, kuma ba shi ne zai dubi yaran nan idan sun girma sun ji abin da aka faɗa a kan mahaifiyarsu ba.

Damuwarka tana da wurin zama a shari'a, ba ka buƙatar ƙarya. Idan ta tare a gidan wanda ba muharramin yaran ba, haƙƙinta na riƙo ya faɗi, amma kamar yadda na faɗa wa mai tambaya ta farko, kakarsu ta wajen uwa da 'yar'uwar uwar suna gabanka a layi. Idan kakar tana da lafiya kuma gidanta amintacce ne, mai yiwuwa can kotu za ta bar su, ka ga ba su zama agola ba. Idan layi ya zo kanka, za a tambaye ka wace mace ce a gidanka za ta kula da su, domin sharaɗi ne a kan namiji. Kada kuma ka yi jinkiri idan kana da magana, saboda malaman Malikiyya sun ce mai haƙƙin karɓa idan ya san an yi auren ya yi shiru shekara guda ba tare da uzuri ba, riƙon ya tabbata a hannun uwar. Ko suna wurin wa, kulawa da tarbiyyarsu da karatunsu da aurar da 'yarka suna hannunka.

Maganar Legas ka faɗa wa sabon lauyan tun farko. Littattafan sun ce waliyyi idan zai yi ƙaura ta zama, ba tafiyar fatauci ko ziyara ba, zuwa wuri mai nisan baridi shida, wato mil 72 a lissafin malamai, kuma hanya da garin amintattu ne, yana iya tafiya da yaro sai idan mai riƙon za ta bi shi. Wannan hukunci ne da alƙali yake yankewa bayan ya auna maslahar yaran, ba izini ba ne na ka ɗauke su daga makaranta ka sa a mota.

TAMBAYA: Barka da aiki, Barista. Ni Kirista ce a Kaduna, an ɗaura mana aure a coci shekara 8 da suka wuce, muna da 'ya ɗaya mai shekara 4. Muna shirin rabuwa, mijina ya ce a al'adarsu 'ya tasa ce tun da ya biya sadaki. Wane irin lauya zan nema?

AMSA: Barka kadai, 'yar'uwa. Ki fara duba takardar aurenku, domin ita ce za ta nuna kotun da za ku je. Idan kun bi ta ofishin rajistar aure kuma cocin yana da lasisin ɗaura aure, aurenku na doka ne, Babbar Kotun jiha ce kaɗai take iya raba shi, a ƙarƙashin dokar rabuwar aure ta 1970. Idan kuwa albarka kawai aka sa wa auren gargajiya a coci, kotun gargajiya ce take da hurumi. Mutane da yawa ba su san wanne suka yi ba sai ranar rigima, saboda haka wannan ce tambayar farko da lauya mai hankali zai yi miki.

Idan na doka ne, ki nemi wanda ya saba shigar da ƙarar rabuwar aure a Babbar Kotu, domin a can komai a rubuce yake kuma kuskuren takarda yana iya mayar da ƙara farko. Sashe na 71 na dokar ya sa maslahar yaro a gaba da komai, sadaki ba ya cikin abin da ake aunawa, kuma Kotun Ƙoli a shari'ar Odogwu da Odogwu ta 1992 ta nuna cewa yaro ƙarami ana ɗaukar ya fi samun natsuwa a wurin uwarsa, sai idan an kawo hujjar da ta nuna akasin haka. Kotunan gargajiya ma yanzu maslahar yaro suke dubawa, kuma dokar haƙƙin yara ta 2003 a kan wannan ƙa'ida aka gina ta. Tun da shari'ar Babbar Kotu tana ɗaukar lokaci, ki ce wa lauyan ya nemi umarnin wucin gadi a kan inda yarinyar za ta zauna da kuɗin kula da ita kafin a kai ga hukuncin ƙarshe. FIDA tana da reshe a Kaduna, kuma ba ta tambayar addinin wadda ta zo neman taimako.